Injin lesa na CO2 mai wat 30: wanda ya dace da shi da wanda zai yi asarar kuɗinsa

A ƙarshen layin kowace masana'antar abinci, abin sha ko magani, daga Sharaɗa zuwa Challawa da Bompai a Kano, akwai wani ɗan inji da ba a cika kula shi ba sai ranar da ya tsaya. Shi ne mai buga lambar rukuni da ranar yi da ranar lalacewa a jikin kaya. Hukumar NAFDAC ba ta yarda kaya su fita kasuwa babu waɗannan ba, don haka idan ya tsaya, layin gaba ɗaya ya tsaya. Mafi yawan masana'antunmu injin fesa tawada suke amfani da shi, kuma kukan da ake yi da shi sananne ne: tawada da sinadarin tsinka ta suna cin kuɗi kowane wata, bakin fesawar yana toshewa, rubutun yana gogewa a jikin gora mai raɓa, sannan ɓata-gari da ɗan tsumma da tina sai su share ranar lalacewa su buga wata. Wannan ne ya sa masu kamfani da yawa suka fara tambayar lesa, injin da ke rubutu da haske maimakon tawada.

Hukuncinmu a kan injin lesa na CO2 mai wat 30 shi ne: inji ne mai kyau ƙwarai a kan kwali mai fenti, takardar manni, gorar robar PET irin ta ruwa da lemo, da kwalbar da ba a dawowa da ita. A kan ledar fiya wata, jarkar roba fara da ƙarfe tsirara kuwa, ba shi da amfani ko kaɗan. Abin da zai nuna ko za ka ji daɗinsa ba sunan kamfanin da ya ƙera shi ba ne, irin kayanka ne da gudun layinka da yanayin ɗakin da za ka kafa shi.

Yadda yake aiki ba shi da sarƙaƙiya. Akwai bututun ƙarfe rufaffe mai ɗauke da haɗin iskar CO2 da nitirojin da hiliyom. Idan aka ba shi wuta sai ya fitar da haske wanda ido ba ya gani. Wasu ƙananan madubai biyu masu juyawa da sauri suna karkatar da hasken, ɗaya hagu da dama, ɗaya sama da ƙasa, sannan ya bi ta cikin gilashin tattara haske ya zama ɗigo ƙarami a jikin kaya. Wannan ɗigon ne alƙalamin. Ba ya ɗora komai a kan kayan, sai dai ya ƙone fenti, ko ya narkar da fatar roba, ko ya yi wa kwalba 'yan tsage-tsage ƙanana da ke kama da fari. Tun 1964 Kumar Patel ya ƙirƙiro wannan nau'in lesa a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, saboda haka fasaha ce da ta daɗe ta nuna. Manyan kamfanonin duk suna yin sa a matakai uku, wat 10 da 30 da 60: Videojet na da 3140 da 3340 da 3640, Domino na da D120i da D320i da D620i, Linx na da CSL10 da CSL30 da CSL60, Markem-Imaje kuma na da jerin SmartLase. Akwai kuma injinan Sin masu yawa, wasu da bututun Synrad ko Coherent a ciki, wasu da bututun gida.

Tambayar farko ita ce tsawon zangon hasken, wato ma'aunin da ke bambanta wani haske da wani, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure domin dillali ba ya cika tayar da maganar. Bututun CO2 iri uku ne: mai maikiromita 10.6, mai 10.2 da mai 9.3. Kowane abu yana da zangon da ya fi sha. Na 10.6 shi ne na gama-gari, ya dace da takarda, kwali, katako, kwalba da duk abin da aka yi wa fenti. Na 10.2 ya fi kama robar polifurofilin, wato irin ledar biskit da kwalin da aka lulluɓe da siririyar leda mai sheƙi. Na 9.3 shi ne na gorar PET, irin ta ruwa da lemo. A wannan zangon PET tana shanye hasken tun a saman fatarta, sai rubutun ya fito fari-fari kamar an yayyafa gari, ana iya karanta shi daga nesa. Idan ka sa na 10.6 a kan gora ɗaya, hasken yana nutsawa ciki, rubutun ya fito garau kamar ruwa, sai an karkata gorar a rana kafin a gan shi. Mai aiki da ya ga rubutu bai fito ba abin da zai yi shi ne ƙara ƙarfi, kuma daga nan ne ake samun huji mai kamar tsinin allura. A gorar ruwa ɗiga za ta yi cikin shirink, ledar da ake naɗe gorori da ita. A gorar lemo mai gas kuwa, wadda ke cike da matsi, wurin da aka raunana yana iya tsagewa bayan kwanaki a cikin mota ko a shago, lokacin da kayan sun riga sun bar hannunka. Ba a sauya zango da danna maɓalli, sai an sauya bututun ɗungurungum, don haka tun a takardar oda ake rubuta shi. A kuma sani cewa bututun 9.3 yakan ɗan gaza na 10.6 ƙarfi ko da girmansu ɗaya.

Masu fiya wata su ne suka fi tambaya, kuma amsarsu ce ta fi gajarta. Ledar ruwa polietilin ce siririya, hasken CO2 yana ratsa yawancinta ya wuce, abin da ya tsaya kuma narkar da ita yake yi ba tare da launi ya sauya ba. Ko dai ba a ga komai ba, ko a huda ledar. Su tsaya a kan tawada ko injin ribon mai zafi. Haka jarkar man gyaɗa da robar yogot fara ta HDPE: za a ji rubutun da yatsa amma ido ba zai raba shi da jikin robar ba, wannan aikin lesar UV ce mai nanomita 355, ko kuma a sa wa robar sinadari na musamman tun wurin narka ta. Gwangwani da duk ƙarfen da ba fenti yana mayar da hasken CO2 kamar madubi, aikin lesar faiba ne mai nanomita 1064. Sai kwalbar lemo da ake dawowa da ita a wanke a sake cikawa: rubutun lesa ba ya fita da wanki, zagaye na biyu za ka sami ranaku biyu a kwalba ɗaya, shi ya sa masu irin wannan layin suke amfani da tawada mai fita a injin wanki, ko su buga a kan takardar manni.

Inda injin yake nuna bajintarsa shi ne kwalin magani, na sabulu, na shayi da makamantansu. Dabarar ita ce a gaya wa mai buga kwalin ya bar wani ɗan fili mai duhu, baƙi ko shuɗi mai kauri, a inda lambar za ta zauna. Lesa sai ta kankare fentin, farin takardar da ke ƙasa ya bayyana. Rubutu ne tas, ba ya gogewa, kuma wanda ya yi yunƙurin sauya shi sai ya ɓata kwalin. Ga masu magani da NAFDAC ke tura su zuwa tsarin GS1 na bin sawun kaya, wannan filin ne ake buga lambar nan mai murabba'i ta DataMatrix. A kula da abu biyu. Idan filin ja ne ko ruwan lemo, na'urar karanta lamba mai jan haske tana ganin sa kamar fari, sai ta kasa raba shi da rubutun. Idan kuma mai buga kwali ya sauya tawada ko ya ƙara kaurin banish ba tare da ya faɗa ba, saitin da ya yi aiki jiya yau zai bar rubutu dishi-dishi. Babban katan mai ruwan ƙasa ba ya ba da sha'awa, ƙunar ruwan ƙasa ce a kan ruwan ƙasa, sai an shafa masa wani fenti mai baƙanta idan lesa ta taɓa shi.

Sai maganar gudu. Takardun talla suna cewa injin yana rubuta haruffa dubu ɗaya zuwa dubu biyu a daƙiƙa. Gaskiya ne, amma da ƙananan haruffa masu layi ɗaya a kan abu mai sauƙin ƙuna. Lissafin da ya shafe ka ga shi. A ce layinka yana fitar da gora 12,000 a awa. Wato 200 a minti, kowace gora tana da kashi uku cikin goma na daƙiƙa, milisakan 300. Idan tsakanin gora da gora milimita 90 ne, bel ɗin yana tafiyar mita 18 a minti. A cikin milisakan 300 ɗin nan dole idon injin ya hango gorar, madubai su rubuta layi biyu na haruffa kamar 24, su koma mazauninsu su jira ta gaba. Allon injin yana nuna lokacin da kowane rubutu ya ci. Idan ya nuna 120 kana da sarari. Idan ya nuna 270, ranar da gorori suka cunkushe bayan ɗan tsaiko wasu za su wuce babu lamba. Ka nemi ya tsaya ƙasa da kashi biyu cikin uku na lokacin da kake da shi. Idan bai tsaya ba, kafin ka tsallaka zuwa wat 60 gwada haruffa masu layi ɗaya, rage tsayinsu daga milimita 4 zuwa 3, ka cire kalmomin da za a iya bugawa tun a jikin takardar manni. Tambari da DataMatrix suna cin lokaci ninkin-ba-ninkin na rubutu, domin cike fili ake yi, ba zana layi ba.

Mai wat 10 ya isa ga layin kwali mai tafiya a hankali, ko inda kaya ke tsayawa cak a buga musu. Mai wat 60 na layin lemo ne mai dubun-dubatar gorori a awa, ko kwalba mai buƙatar zafi sosai. Abin da ya sa muka fi karkata ga mai 30 shi ne rarar da yake bari. Bututu yana raguwa da ƙarfi a hankali yayin da yake tsufa. Injin da tun ranar farko yake aiki a kashi 95 cikin ɗari ba shi da inda zai ƙara, wanda kuwa ya fara a kashi 60 zai yi shekaru ana ɗan ɗaga shi.

Gilashin tattara haske ma zaɓarsa ake yi, kuma duk abin da ka samu ta nan sai ka rasa ta can. Mai gajeren nisa tsakaninsa da kaya yana ba da ɗigo siriri mai zafi, amma filin rubutunsa ƙarami ne, kuma idan kaya suka matsa milimita ɗaya ko biyu rubutu ya dushe. Mai dogon nisa yana ba da fili babba da haƙuri da kai-kawon kaya, amma ɗigon ya fi faɗi. Idan faɗin ɗigo ya ninka biyu, zafin da ke sauka a wurin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa za ka ga injin wat 30 da aka sa wa gilashi mai faɗin fili yana kasa abin da mai wat 10 ke yi. Ɗauki gora mai faɗin milimita 65. Idan ka shimfiɗa rubutu mai tsawon milimita 30 a gefenta, haruffan bakin-baki sun fi na tsakiya nisa da kusan milimita 4 saboda lanƙwasar gorar. Rage tsawon zuwa milimita 20, bambancin ya koma kamar ɗaya da rabi. Don haka a kan gora gara layi uku gajeru da layi ɗaya dogo, a kuma saita nisan a tsakanin tudun da gefen. Sandunan da ke riƙe gora a kan bel su matse ta daidai, kada ta riƙa rawa. Wurin rubutu ya zama busasshe, domin ruwa yana shanye wannan hasken ƙwarai. Ɗigon raɓa ɗaya ya isa ya cinye harafi, saboda haka a layin abin sha mai sanyi sai an sa bakin iska mai busar da wurin kafin gorar ta iso.

Ƙaramin abu da ke ba da wahala shi ne tayar da ke auna gudun bel. Ita ke gaya wa injin saurin da kaya ke yi don madubai su bi su. Idan ta riƙa zamewa saboda sabulun bel ko ruwa, haruffa sukan fito a miƙe ko a takure, mutane kuma su yi ta zargin lesa. Wanda ya ƙi sayenta ya rubuta gudu ɗaya a allo, duk lokacin da layi ya rage sauri rubutun zai karkace.

Dillalai suna son cewa lesa ba ta cin komai sai wuta. Wannan rabin magana ce. Duk abin da aka ƙone yana yin hayaƙi da ƙura, kuma dole injin zuƙe hayaƙi ya kasance tare da ita, irin na BOFA ko Purex, mai matata hawa uku: ta farko mai kama manyan ƙura, ta HEPA mai kama ƙurar da ta fi ƙanƙanta, sai ta gawayi mai kama wari da iskar guba. Waɗannan matatun su ne tawadar lesa, ana sauya su, kuma daga waje ake kawo su. Ka sa kuɗinsu na shekara a lissafi tun farko. Wanda ya ce zai yi tsimi ya bar injin zuƙar, ga abin da zai biyo baya: hayaƙi ya kwanta a kan gilashin, dattin ya sha zafi, rubutu ya fara raguwa, a ƙara ƙarfi, gilashin ya ƙara zafi har ya ƙone ko ya tsage. Ma'aikatan da ke tsaye a wurin awa takwas kuma su ne suke shaƙar sauran. Mafi haɗari shi ne robar PVC, wadda ake samu a wasu takardun gora masu matsewa da zafi da kuma fakitin ƙwayoyin magani. Idan lesa ta ƙone ta tana fitar da iskar da ke zama asid idan ta haɗu da danshi, tana cin huhu, tana sa ƙarafan layi tsatsa cikin 'yan watanni. Ana iya buga PVC, har rubutun yakan fito da launin zinariya mai kyau, amma sai da injin zuƙa da aka ƙera musamman dominta.

Gilashin tattara hasken ruwan ɗorawa ne, da sinadarin zinki selenaid ake yin sa, kuma yana da laushi. Ba a goge shi da gefen riga ko tishu. A fara hure ƙurar da 'yar robar hura iska ta hannu, ba da iskar kwamfuresa mai mai ba, sannan a ɗiga asiton ko alkohol mai tsabta a takardar goge gilashin ido a ja sau ɗaya, a jefar, a ɗauki sabuwa. Da safar hannu ake taɓa shi, idan ya fashe kuma a tattara ɓaraguzan da kulawa domin suna da guba. A ajiye guda ɗaya na ko-ta-kwana a sito.

Yanzu ga abin da takardun Turai ba sa faɗa wa mai masana'anta a Kano ko Maraɗi. Yawancin waɗannan injinan an rubuta musu aiki tsakanin digiri 5 zuwa 40. A watan Afrilu inuwa ma tana haura 40, balle ƙarƙashin rufin kwano kusa da injin hura gora. Bututun CO2 kusan kashi ɗaya cikin goma na wutar da ya ci yake mayarwa haske, sauran duk zafi ne, wato injin wat 30 yana zubar da zafin ɗaruruwan wat da fanka za ta kwashe. Idan ya yi zafi ƙarfinsa yana sauka, sai ka ga rubutun safe ya yi kyau, na bayan azahar ya dushe, daga baya ya kashe kansa. Lokacin hunturu kuma ƙurar buji tana toshe ragar fankar, abin ya zama biyu. Mai matakin kariya daga ƙura da ruwa na IP54 da fanka yake shan iska, sai a riƙa wanke ragarsa duk mako, a kuma kafa shi nesa da abin da ke fitar da zafi. Mai IP65 a rufe yake ruf, ya dace da wurin da ake wanke layi da tiyo ko wurin ƙurar gari da siminti, amma wasunsu da iskar kwamfuresa ake sanyaya su, kuma dole iskar ta zama busasshiya marar mai. Wannan ma kuɗi ne da ba a cika faɗa ba.

Wuta ita ce matsala ta uku, bayan zafi da ƙura. Injin bai kai kilowat ɗaya ba, amma allunan da ke cikinsa ba sa jure tsalle-tsallen wuta da sauyi daga layin gwamnati zuwa janareto. Sitabilaiza mai ɗan injin juyawa a ciki ba ta da saurin da ake buƙata. A sa masa UPS irin wanda kullum ta cikin batir wuta ke bi, mai kVA 2 ko 3, a ba shi layinsa daban da na manyan injina, a kuma tabbatar wayar ƙasa tana aiki da gaske. Garanti ba ya cika ɗaukar abin da wuta ta ƙona.

Kada a ruɗe da injin araha mai dogon bututun gilashi da ake sanyaya shi da ruwa, irin na masu yanka robar allon talla. Shi ma CO2 ne, amma awa dubu kaɗan yake yi, kuma ba ya kunnuwa da mutuwa da saurin da rubutu a kan bel ke buƙata. Bututun ƙarfe rufaffe shi ne na layi. Wasu kamfanonin suna ba shi kimanin awa 45,000. Idan kana aiki awa 16 a rana, kwana shida a mako, mako 50 a shekara, awa 4,800 ke nan, wato fiye da shekara tara a takarda. A zafinmu kada ka sa rai da duka. Iskar cikinsa kuma tana tsufa ko yana ajiye, don haka injin kwance da ya shekara biyar a sito ba sabo ba ne. Ka tambayi sunan wanda ya ƙera bututun, da inda ake sake cika shi, da makonnin da zai ɗauka, da ko wakilin yana da na aro da zai ɗaura maka kafin naka ya dawo. Dillalin da ya yi ta kame-kame a kan waɗannan tambayoyin, araharsa ba za ta yi ado ba.

Lesar nan tana mataki na huɗu a ma'aunin IEC 60825-1, mafi haɗari, kuma hasken ba a ganinsa, jan ɗigon da ake gani na saiti ne kawai. Yana ƙone fata, yana lalata fatar ƙwayar ido, yana kunna wuta a takarda. Dole a kewaye wurin rubutun da akwatin polikabonet ko ƙarfe, da ƙofa mai kashe hasken idan an buɗe, da farantin ƙarfe a bayan kaya don ya tare hasken idan idon injin ya yi kuskure ya harba babu gora. Makanikin da ya haɗe wayoyin makullin ƙofar don ya ji daɗin saiti ya jefa duk wanda ke layin cikin haɗari, kuma shugaban sashe ne ya kamata ya riƙa duba wannan da kansa.

Kafin ka biya ko sisi, aika wa wakilin ainihin kayanka, ba makamancinsu ba, guda hamsin ko fiye, daga kowane launi da kowane mai kawo maka. Ka ba shi ainihin rubutun da gudun layin. Ka ce ya dawo da su tare da takarda mai nuna zangon haske, wat, gilashin da aka sa, kashi nawa na ƙarfi aka yi amfani da shi, da milisakan nawa rubutun ya ci. Samfurin da aka buga a tsaye a kan tebur da ƙarfi ɗari bisa ɗari ba shaida ba ne. Idan sun dawo, yanka gorar a kan rubutun ka duba zurfin da tabaran ƙara girma, cika wasu da lemo mai gas ka ajiye su a rana mako biyu, matsa fakitin leda a cikin bokitin ruwa ka ga ko kumfa zai fito, ka kuma karanta DataMatrix ɗin da na'urar tantancewa mai ba da maki bisa ISO/IEC 15415, ba da wayar hannu ba. A takardar ciniki a rubuta cewa kason ƙarshe na kuɗin sai injin ya yi cikakken aikin yini a layinka, da tsakar rana, a gudun da aka yi alkawari.